MAKKAR 'YAN GAMBARA BA TA DA KA'ABA

  

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan wata shi ne wata magana da ta shiga tsakanina da wani ɗalibina bayan sallar La'asar. Yaro ne mai natsuwa, ya haddace izu ashirin, ba ya wasa da jam'i. Ya zo mini da wayarsa yana murmushi irin na wanda ya kama babba da hujja, ya ce: "Malam, kullum ana cewa mawaƙan gambarar Amurka ba su san Allah ba. To saurari wannan. Ga sunan Allah nan, ga Makka, ga Madina, har sallama ya yi." Na karɓa na saurara, kuma gaskiya ya faɗa, duk kalmomin da ya lissafa suna ciki. Sai na tambaye shi wace Makka mai waƙar yake nufi. Ya dube ni da mamaki, ya ce: "Malam, Makka nawa ce a duniya?" Na ce masa: "A wurinka ɗaya ce. A wurin wannan mutum kuwa, Makka wata unguwa ce a birnin Niyok da ake kira Harlem. Ba ta da Ka'aba, ba ta da Zamzam, ba wanda ya taɓa ɗaura mata harami. Madinarsa kuma ita ce Brooklyn."

Da abin ya tsaya ga yaro ɗaya, da ban ɓata takardar wannan mujalla ba. Sai dai shubuhar ta yaɗu. Akwai masu jera sunaye a Facebook da TikTok, suna cewa ga mawaƙan Amurka da ba ku san Musulmi ba ne, jama'a kuma suna bin su da kabbara da masha Allah. Hujjarsu ba ta wuce an ji mutum ya ambaci Allah a baiti, ko an ga jinjirin wata da tauraro a wuyansa, ko sunansa ya yi kama da na Larabawa. Da waɗannan nake magana a yau. Ba hukuncin kiɗa na zo tattaunawa ba, domin malamai sun yi bayaninsa, kuma mai karanta wannan mujalla ya san shi. Maganata a kan ma'ana ce: idan mai hip-hop ya furta kalma, me yake nufi da ita, kuma wa ke da ikon faɗin abin da yake nufi?

Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta ko da ɗan ƙaramin littafi ne na Usulul Fiƙhi ya san cewa lafazi ɗaya yana iya ɗaukar haƙiƙa uku: ta lugga, da ta shari'a, da ta urfi, wato abin da mutane suka saba nufi da shi. Kalmar salla a luggar Larabawa addu'a ce, a shari'a kuwa ibada ce sananniya mai buɗewa da kabbara da rufewa da sallama. Kalmar dabba a asalin lugga ta ƙunshi duk abin da ke tafiya a bayan ƙasa, har da ni da kai, amma urfi ya taƙaita ta ga masu ƙafa huɗu, shi ya sa idan ka kira maƙwabcinka da ita sai an raba ku. Malamai suka ce ana ɗaukar maganar kowane mai magana ne a kan urfinsa da isɗilahin mutanensa. Da wannan ƙa'ida alƙali yake fassara rantsuwa da wasiyya da waƙafi. Ina mamakin yadda muke riƙe ta a kotu da zaure, amma da an kunna waƙar Turanci sai mu jefar da ita, mu ɗauki ma'anar da ke cikin zukatanmu mu cusa a bakin mutumin da bai taɓa nufinta ba.

To mene ne urfin waɗannan mawaƙa? Tilas mu koma baya kaɗan. A shekarar 1930 wani mutum da ake kira Wallace Fard ya bayyana a birnin Detroit yana tallar yadin siliki gida gida a unguwannin baƙar fata, yana kuma gaya musu cewa Musulunci ne addinin kakanninsu. A 1934 ya ɓace. Almajirinsa Elijah Muhammad ya gaje shi, ya mai da cibiyar ƙungiyar Shikago, ya shugabance ta har mutuwarsa a 1975. Ita ce ƙungiyar da ake kira Nation of Islam. Abin da Elijah ya karantar a fili, kuma jaridar ƙungiyar ta riƙa bugawa a shafinta na baya, shi ne wai Allah Ya bayyana a cikin surar wannan Fard a watan Yuli na 1930. Subhanallahi amma yasifun! Ya karantar cewa shi kansa manzo ne, kuma tashin ƙiyama ba na jiki ba ne, farkawar tunani ce a nan duniya. Ya kuma karantar cewa farar fata shaiɗanu ne, wani masani mai suna Yakub ne ya ƙirƙiro su a wani tsibiri kimanin shekara dubu shida da suka wuce, kuma wai shi ne Yaƙub ɗin da littattafai suka ambata. Ka ga an taɓa Allah, an taɓa cikar annabta, an taɓa ranar lahira, an kuma yi wa Annabi Yaƙub (AS) ƙazafi, duk da sunan Musulunci.

Daga cikin wannan ƙungiya wani reshe ya tsiro, kuma shi ne ya fi shafar waƙa. Wani tsohon sojan Amurka da ya yi yaƙin Koriya, Clarence Smith, wanda aka fi sani da Clarence 13X, yana cikin mabiya a majami'arsu ta bakwai da ke Harlem, inda Malcolm X yake jagoranci. Ya duba darussan da ake haddatar da su, ya ga sun ce baƙin mutum shi ne mutum na asali kuma shi ne ubangijin duniya. Sai ya ce to don me za a keɓe Fard shi kaɗai da allantaka? Ashe kowane baƙin namiji abin bauta ne. Ya fita daga ƙungiyar a 1963, ya raɗa wa kansa suna Allah, wal'iyazu billahi, ya shiga tara yaran titi yana koya musu. A 1964 tafiyarsa ta kafu. Hukuma ta kama shi a 1965, aka tsare shi a asibitin masu taɓin hankali har 1967. Da ya fito, ofishin magajin garin Niyok na lokacin, John Lindsay, ya taimaka masa da wurin karantarwa a Harlem domin a samu sauƙin tarzomar matasa. Ranar 13 ga Yuni 1969 aka harbe shi ya mutu. Wanda ya kira kansa da sunan Rayayyen da ba Ya mutuwa, harsashi ya gama da shi yana ɗan shekara 41.

Mabiyansa su ne 'Yan Kashi Biyar, a Turance Five Percent Nation, daga baya kuma suka kira kansu al'ummar alloli da ƙasashe, domin namiji a wurinsu abin bauta ne, mace kuma ƙasa ce da ake shuka a cikinta. Ina roƙon mai karatu ya natsu a kan asalin wannan suna, domin a nan ne gizo yake saƙa. Sun raba mutanen duniya kashi uku. Kashi 85 cikin ɗari su ne jahilai, kurame, makafi, waɗanda aka yaudara suka yi imani da wani ubangiji da ido ba ya gani. Kashi 10 su ne masu shan jinin talakawa, waɗanda suka san gaskiya amma suke karantar da mutane bautar wannan ubangiji na ɓoye domin su ci da guminsu. Kashi 5 da suka rage su ne talakawan malamai na gari, waɗanda suka gane cewa babu wani abin bauta sai baƙin mutum mai rai da ke tafiya a ƙasa. Yanzu ka ɗauki wannan ma'auni ka auna kanka. Kai da ka yi imani da gaibu, wanda shi ne siffa ta farko da Allah Ya yabi masu taƙawa da ita a farkon Suratul Baƙara, a ina suka ajiye ka? Cikin kurame da makafi. Ni da nake tsayawa gaban allo ina karantar da tauhidi, a ina suka ajiye ni? Cikin masu shan jini. Ɗalibina yana gyaɗa kai yana bin baiti, alhali kuwa shi ake zagi a cikinsa.

Sunan Allah kansa ba su bar shi ba. Sun ɗauki haruffan boko biyar da ake rubuta shi da su, suka ce kowane harafi farkon wata kalmar Turanci ce: hannu, ƙafa, ƙafa, hannu, kai. Wato dai surar ɗan Adam. Kalmar Islam ma sun yi mata haka, suka fitar da jimlar da ke nufin ni kaina ne ubangiji kuma mai iko, ma'anar da ta yi hannun riga da miƙa wuya, wanda shi ne asalin kalmar a Larabci. Suna da wani hisabi da suke kira lissafi maɗaukaki, inda 1 take nufin sani, 2 hikima, 3 fahimta, 7 kuwa abin bauta. Harafin G shi ne na bakwai a jerin haruffan boko, kuma da shi kalmar abin bauta take farawa a Turanci, don haka suke kiran junansu da shi a gaisuwa, kafin daga baya 'yan daba su karɓe shi da tasu ma'anar. Tambarinsu lamba 7 ce a tsakiyar rana, tare da jinjirin wata da tauraro: rana namiji, wata mace, tauraro ɗa. Wanda ya hango jinjirin watan daga nesa sai ya ce ga ɗan uwa. Bai lura da bakwai ɗin da ta hau kansa ba.

Ba kowace kalma tasu ce guba ba, kuma adalci ne a faɗi haka. Da'irar da matasa suke yi suna karɓa-karɓar baitoci, wadda har a garuruwanmu ake kira saifa, sunanta yana cikin wannan hisabi a matsayin lamba 0, kuma asalin kalmar ma tamu ce, sifiri ce ta Larabci ta zaga Turai ta dawo. Wannan ba ya ɓata wa kowa aƙida. Wanda ke ɓatawa shi ne sunan Allah da aka ɗora wa halitta.

Ga wanda ya karanta tarihin ƙungiyoyi, babu sabon abu a nan ko kaɗan. Wannan shi ne hululi, da'awar cewa Mahalicci Ya sauka cikin jikin halitta, haɗe da tawilin Baɗiniyya masu cewa kowane zahiri yana da wani baɗini da su kaɗai suka sani. Imam Gazali ya rubuta littafi sukutum, Fada'ihul Baɗiniyya, domin tona asirin wannan hanya. A Misira, wajen shekarar 1017, wasu sun yi da'awar allantakar sarkin Faɗimiyya Alhakim, shi ma kuma ya ɓace a 1021 kamar yadda Fard ya ɓace. A ƙasar Farisa Fadlullahi Astarabadi ya kafa ɗariƙar Hurufiyya a kan cewa asirin allantaka yana cikin haruffa da fuskar ɗan Adam, aka kashe shi a 1394. Bambancin kawai shi ne waɗancan sun yi wasa da haruffan Larabci da Farisanci, waɗannan kuwa da na boko, kuma waɗancan ba su samu kamfanonin faifai da za su kai maganarsu kowane lungu na duniya ba.

Domin kada a ce zato nake yi, ga misalai daga cikin manyansu. Rakim, wanda faifansa na 1987 tare da Eric B. ya canza salon gambara baki ɗaya, cikakken sunan da ya zaɓa wa kansa shi ne Rakim Allah, kuma masoyansa suna yi masa laƙabi da allan mawaƙa. Ƙungiyar Poor Righteous Teachers ta garin Trenton, sunanta kansa shi ne siffar kashi biyar ɗin nan, talakawan malamai na gari. Ƙungiyar Wu-Tang Clan, wadda ta fito da faifanta na farko a 1993, jagoranta RZA ya bayyana cewa harafin ƙarshe na sunansa yana tsaye ne a madadin Allah, kuma ya yi bayanin hisabin nan a littattafansa na 2005 da 2009. Misalin da ya fi kowanne fitowa fili shi ne faifan ƙungiyar Brand Nubian na 1993. Waƙar farko an sa mata suna da kabbara, Allahu Akbar. Musulmi ya gani ya yi farin ciki. Waƙa ta biyu, wadda ke biye da ita kai tsaye, takenta da abin da ke cikinta musun ubangijin gaibu ne. Ta uku kuma bayanin ma'anar kashi biyar ce. Sun yi kabbara, sannan ba su bar ka cikin duhu ba, nan take suka gaya maka wanda suke yi wa ita. Ɗaya daga cikinsu, Lord Jamar, ya sake fitar da faifai guda a 2006 a kan wannan aƙida kaɗai. Har a watan Afrilu na 2014 an ga Jay-Z a filin ƙwallon kwando na Brooklyn da sarƙa mai wannan tambari na lamba 7 a wuyansa. Ban ce ɗan ƙungiyar ne ba, domin bai faɗi haka ba, amma ya nuna cewa alamar ba ta mutu da ƙarnin da ya wuce ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, mutanen nan ba su yaudare mu ba. 'Yan Kashi Biyar da bakinsu suke cewa su ba Musulmi ba ne, domin Musulmi mai miƙa wuya ne, su kuwa ba sa miƙa wuya ga kowa. Mu ne muke binsu da rigar da suka ce ba sa so.

A nan zan juyo ga namu, domin laifin ba na masu jera sunaye ne kaɗai ba. Akwai mai wa'azin da zai hau mumbari ya ce gambara hayaniya ce kawai ta mashaya, babu komai cikinta. Yaron da ke sauraronsa ya san ba haka ba ne, saboda haka sai ya zubar da wa'azin gaba ɗaya, har da gaskiyar da ke ciki. Mutanen da suka haifi wannan waƙa jikokin bayi ne da aka kwasa daga wannan nahiya tamu, kuma cikin waɗanda aka kwasa akwai Musulmi masu karatu. Umar ɗan Sa'idu, mutumin Futa Toro, ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831 yana bawa a Amurka, ya buɗe shi da Suratul Mulk, ya kuma rasu yana bawa. An soke bauta a 1865, amma wariyar launin fata ta ci gaba da zama doka a kudancin ƙasar har 1964. An raba su da harshensu da sunayensu, aka rataya musu hoton wani Bature mai shuɗin ido aka ce wannan ne ubangijinku. Mutumin da aka yi wa haka, idan wani ya zo ya ce masa ai kai ne ubangijin, shi kuma shaiɗan ne, ba abin mamaki ba ne ya saurara. Ɓata ce, amma ɓata ce da zalunci ya share wa hanya.

Ita kanta hip-hop a unguwar Bronx aka haife ta, a wani bikin da Kool Herc, ɗan asalin Jamaika, ya kaɗa ranar 11 ga Agusta 1973, a lokacin da gidajen unguwar suke ƙonewa kuma hukuma ta juya mata baya. Waƙar The Message ta 1982 bayanin talauci da ƙunci ne da kurkuku, kuma babu ƙarya a ciki. Kukan da suke yi da 'yan sanda ma ba ƙage ba ne. Ranar 4 ga Fabrairu 1999, a wannan unguwa ta Bronx, 'yan sanda huɗu suka buɗe wa Amadu Diallo wuta a ƙofar gidansa. Bafulatani ne Musulmi daga Gini, ɗan shekara 23, ba ya ɗauke da makami. Harsashi 41 suka harba, 19 suka same shi, kuma kotu ta sallame su a shekarar 2000. Mawaƙan gambara suna cikin waɗanda suka ɗaga murya a kan jininsa. Wanda ya ce duk wannan hayaniya ce, shi ma bai fassara waƙar ba, ya dai toshe kunne ne, kuma shi da mai jera sunaye cuta ɗaya ke damunsu: kowannensu ya yanke hukunci kafin ya san abin da aka ce.

Kuma ƙa'idar urfi da na ambata takobi ce mai kaifi biyu. Kamar yadda ta hana mu musuluntar da wanda bai musulunta ba, haka ta hana mu kore wanda yake ciki. Malcolm X ya bar ƙungiyar Elijah, ya yi aikin Hajji a watan Afrilu na 1964, ya ga fari da baƙi a sahu ɗaya, ya dawo ya warware maganar shaiɗancin farar fata, aka kashe shi ranar 21 ga Fabrairu 1965. Da Elijah ya mutu a 1975, ɗansa Warith Deen Mohammed ya ja dubban mabiya zuwa salla da azumin Ramadan da aƙidar cewa Allah ba mutum ba ne, cikinsu har da ɗan dambe Muhammad Ali, ko da yake Louis Farrakhan ya sake tayar da tsohuwar koyarwar bayan 'yan shekaru. Daga cikin waɗannan Musulmi na gaskiya ma an samu mawaƙa. Mos Def, wanda yanzu ake kira Yasiin Bey, ya buɗe faifansa na 1999 da Bisimilla, kuma Allahn da yake nufi shi ne wanda muke nufi. Mutah Beale, wanda ya yi waƙa tare da Tupac da sunan Napoleon, ya bar sana'ar ɗungurungum ya koma kira zuwa ga addini. Haka nan yaranmu masu gambara da Hausa a Kano ko Jos ko Yamai, idan ɗayansu ya ce Allah, Allah yake nufi, domin urfinsa namu ne. Kada a ɗora masa laifin Harlem. A kama shi da abin da bakinsa ya faɗa, in batsa ce batsa, in zagi ne zagi.

Na san abin da za a ce, domin an sha gaya mini. Za a ce ai kirari ne kawai, kamar yadda ɗan dambe yake kiran kansa zaki ba wanda ya gudu. Gaskiya ne gambara cike take da kirari, kuma wanda ya ɗauki kowace fariya ta mawaƙi a matsayin labari ya jahilci fannin. Amma malaman Balaga sun shar'anta cewa ba a karkatar da lafazi zuwa majazi sai da ƙarina, wato alamar da ke hana a ɗauke shi a kan haƙiƙarsa. Ƙarinar ɗan dambe ita ce muna ganinsa da ƙafa biyu, kuma shi ma bai ce da gaske yake ba. Su kuwa waɗannan sun ce da gaske suke, sun kafa makaranta, sun haddace darussa, sun rubuta littattafai. Ina ƙarinar? Sannan ko da an sallama cewa wani kirari yake yi, kamar Kanye West da ya fitar da waƙa a 2013 mai taken da ke nufin shi abin bauta ne, ko Jay-Z da ya yanko laƙabinsa Hova daga sunan da Ahlul Kitabi suke kiran Ubangiji da shi, to allantaka ba fagen kirari ba ce. Fir'auna ma a gaban taro ya yi nasa.

Wasu kuma, musamman waɗanda suka ɗan leƙa sashen adabi a jami'a, sukan ce ma'ana tana wurin mai sauraro, kowa da fassararsa, marubuci ba shi da iko a kan maganarsa bayan ta fita. Ra'ayi ne da wani Bafaranshe, Roland Barthes, ya yi fice da shi tun 1967. Amsata gajeriya ce. Ranar da wanda kake bi bashi ya karanta takardar yarjejeniyarku ya ce shi a fahimtarsa kyauta ce, sai ka gaya masa cewa kowa da fassararsa.

Hujja ta uku ita ce mai nauyi, kuma ita ɗalibina ya kawo: "Malam, ni dai da na bi baitin, Allah na gaskiya nake nufi a zuciyata." Na gaskata shi. Kuma ina faɗa a fili, domin kada wani mai gaggawa ya ɗauki wannan rubutu ya tafi kafirta 'ya'yan mutane: wanda ya maimaita lafazin da bai san ma'anarsa ba, ba a ɗora masa aƙidar mai lafazin. Amma wannan uzuri ne na jiya, kafin sani ya zo. Dubi ƙissar kalmar ra'ina, wadda aya ta 104 ta Suratul Baƙara ta sauka a kanta. Sahabbai suna faɗa wa Manzon Allah (SAW) ita da kyakkyawar manufa, suna neman ya saurara musu. Yahudawan Madina kuma suna faɗin ita wannan kalma suna karkatar da harshe, suna nufin zagi. Niyyar Sahabbai ba ta da aibi ko ƙwayar zarra, duk da haka aka hana su kalmar, aka ba su wata a madadinta. Idan an hana mafi alherin al'umma lafazi mai tsabta saboda wani ya ɓoye ƙazanta a cikinsa, yaya kai da kake ɗaukar baitin mutum gaba ɗaya, da muryarsa da numfashinsa, kana rerawa a bayansa, alhali ya riga ya gaya maka cewa Allahn da ke cikin baitin shi ne kansa?

Ga masu jera sunaye kuwa, abin da nake nema gare su kaɗan ne. Kafin ka rubuta cewa wane Musulmi ne, ka nemo inda shi da bakinsa ya bayyana wanda yake bauta wa. Shaida ce kake bayarwa, kuma yara suna ginawa a kanta.

Bayan kwana biyu yaron ya dawo da baitocin a rubuce a takarda, kamar yadda na umarce shi. Muka zauna da wani abokina mai koyar da Turanci, domin nawa Turancin bai kai ga karin maganar titin Niyok ba, muka bi su layi layi. Muka tarar da bakwai ɗin, muka tarar da kashi tamanin da biyar, muka tarar da ubangijin ɓoye da ake yi wa ba'a. Ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce: "Amma Malam, mutumin ya iya jera magana." Na ce ban musa ba, ya iya. Ya goge wannan waƙa da wasu guda uku a gabana, ya bar saura, ya tambaye ni hukuncin waɗanda babu irin wannan magana a cikinsu. Na ce masa wannan babin kiɗa ne, ya zo da littafinsa ranar Asabar.